Ƙarfen daidaito a motocin kat-kat: a bar shi ko a kwance shi?

Da zarar damina ta kankama, hanyoyin karkara a jihohin Maradi, Damagaram da Tawa sukan sauya kama. Ruwa ya zaizaye burji, ƙoramu su yanke hanya, ramuka su buɗe baki. A irin wannan lokaci ne motocin kat-kat, na asibitoci da na ƙungiyoyin agaji da na 'yan kasuwa masu bin kasuwannin ƙauye, ke shiga garaji da ƙara ƙwal-ƙwal a ƙarƙashin gaba. Sau da yawa ƙarar daga wani ƙarfe ɗaya take fitowa, wanda makanikai ke kira da sunansa na Faransanci, bar stabilizatris, wato ƙarfen daidaito. Wasu masu mota, maimakon su gyara shi, sai su sa a kwance shi ɗungurungum, da hujjar cewa motar daji ba ta buƙatarsa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma a hanyoyin Nijar tana iya jawo asarar rai.

Aikin ƙarfen

Dogon ƙarfe ne mai lanƙwasa a bakinsa biyu, yana kwance a gicciye daga tayar hagu zuwa ta dama. Tsakiyarsa na ɗaure a jikin shasi ko a jikin pon da robobi biyu da ake kira silanbulok, bakunansa kuma na haɗe da wasu gajerun sanduna, biyelet. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, ƙarfen juyawa kawai yake yi cikin robarsa, ba ya hana komai. Amma idan mota ta sha kwana, jikinta ya karkata gefe ɗaya, sai ƙarfen ya murɗe, ya yi tirjiya, ya rage karkatar. Shi ke sa direba ya iya kauce wa jaki ko ɗan kabu-kabu ba zato ba tsammani, motar kuma ta koma kan ƙafafunta.

Tirjiyar nan ita ce kuma matsalarsa a daji. A tsakanin duwatsu ko a bakin ƙorama, ana son kowace taya ta yi motsinta ita kaɗai: ɗaya ta hau dutse, ɗaya ta sauka cikin rami. Ƙarfen yakan hana wannan sassauci, har taya ɗaya ta rataye a iska. A motar da ba ta da makullin pon, tayar da ta rataye ce ke ta juyawa a banza, wadda ke ƙasa kuma ta tsaya cik. Daga nan ne dabarar kwance ƙarfen ta samo asali.

Hanya ce ke yanke hukunci

Tambayar da ya kamata mai mota ya fara yi wa kansa ita ce: ina motar nan take yini? Wanda ke hawan duwatsun Ayar zuwa Timiya ko Iferwan, ko yake ratsa tsaunukan Adar a yankunan Keita da Buza, yana tafiya a hankali kamar hawainiya, yana da dalilin son tayoyinsa su sami 'yanci. Amma kafin ya isa can, sai ya ci ɗaruruwan kilomita a kan kwalta: ko hanya mai lamba 1 da ta haɗa Yamai da Doso, Kwanni, Maradi da Damagaram, ko ta Tawa zuwa Agadas da Arlit, ko ta Damagaram zuwa Tanut. A kan waɗannan hanyoyi ana gudu, akwai ramuka, akwai dabbobi masu tsallakawa. Motar da aka raba da ƙarfenta, idan aka fizge mata sitiyari a guje, takan yi lilo hagu da dama, kuma daga lilo zuwa kifewa ba nisa.

A cikin yashi kuwa, irin na Tenere tsakanin Agadas da Dirku, ba ƙarfen ne ke kafe mota ba. Abin da ya fi tasiri shi ne rage iskar taya don ta ƙara faɗi a kan yashi, da sanin giyar da za a riƙe. Wanda ya kwance ƙarfen don yashi ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago, domin a gefen tudun yashi motar za ta ƙara karkata.

Kaya a sama

Abu na biyu shi ne lodi. Ba a cika ganin Hilux ko Land Cruiser a hanyar kasuwa babu kaya ba: buhunan hatsi, jarkokin mai da na ruwa, tayoyin canji, wani lokaci har da fasinjoji a zaune kan kayan. Duk lokacin da nauyi ya ƙaru a sama, karkatar mota a kwana takan ƙaru. Irin wannan mota ta fi kowace buƙatar ƙarfen daidaito. Hilux da aka ƙera daga shekarar 2005 na da ƙarfen a gaba, inda kowace taya ke da hannayenta daban, kuma a irin wannan ƙira ribar kwance shi ba ta kai ta motar da ke da pon guda a gaba ba, irin Land Cruiser 79.

Akwai kuma masu neman ƙarfe mafi kauri saboda lodi. A nan sai an yi hattara, domin taurinsa ba ya ƙaruwa daidai da kaurinsa. Idan aka tashi daga milimita 25 zuwa 30, taurin yakan ninka sau biyu. Idan ya yi yawa a gaba, motar takan ƙi bin sitiyari a kwana, ta miƙe gaba. Idan a baya ne, bayanta ke zamewa, musamman a kan burji mai tsakuwa. Shi ya sa ba a ƙara ƙarfe a gefe ɗaya ba tare da duba ɗayan ba.

Yadda kamfanoni suka raba gardamar

Masu ƙera motoci ba su zaɓi cire ƙarfen ba, sai dai su saki shi na ɗan lokaci. Jeep Wrangler Rubicon na da maɓallin da ke sakin ƙarfen gaba, amma da zarar gudu ya wuce kimanin kilomita 29 a awa, sai ya sake kamawa da kansa. Toyota kuwa ta fito da tsarin KDSS, wanda ke aiki da matsin mai, a cikin Lexus GX 470 a shekarar 2004, sannan a Land Cruiser 200 daga 2007: ƙarfen na riƙewa a kwana, yana saki a tsakanin duwatsu. Ga motocin da ba su da wannan tsari, ana sayar da biyelet masu fil da ake zarewa da hannu. Wanda ya zare su, wajibi ne ya ɗaure ƙarfen don kada ya taɓa taya ko tiyon birki, kuma ya mayar da su kafin ya taka kwalta.

Abin dubawa a garaji

Yawanci ba ƙarfen ne ke lalacewa ba, robobinsa ne da zafi da ƙura ke busarwa, ko biyelet da gargada ta girgiza. Sauya su ƙaramin aiki ne, kuma shi ke kashe ƙarar. Kada a shafa wa robar bakin mai, yana cinye ta. Idan an ɗaga motar sama da yadda kamfani ya yi ta, sai an sa biyelet masu tsawo. Idan kuma ƙarfen kansa ya karye, walda ba ta maganinsa, domin wuta na kashe taurinsa, ya sake karyewa a daidai wurin, wataƙila a tsakiyar kwana. A nemi wani.

Shugaban ƙungiya ko mai mota da ke ba wani direba makulli yana da haƙƙin leƙa ƙarƙashin motarsa kafin tafiya. Idan ya ga ramukan ƙusa biyu babu komai a jikinsu, to ya tambayi inda ƙarfen ya tafi kafin a ɗora kaya, balle a ɗauki mara lafiya ko fasinja.