Man bwat: man da ake mantawa da shi har sai giya ta fara kuka

Kusan kowane mai mota ya san ranar bidanj. Idan baƙin man inji ya yi kilomita dubu uku ko biyar, za ka ga direba ya nufi garaji ba tare da an tuna masa ba. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da ya canza man akwatin giya, wato bwat, sai ya yi shiru. Wani ma zai ce maka ai wannan ba a canza shi.

Dalilin mantuwar a fili yake. A yawancin motoci masu giyar hannu babu sandar auna man bwat, babu kuma fitilar da za ta kunna a gaban direba ta ce man ya ragu. Bwat ba ta gargaɗi sai da kuka, kuma ranar da ka ji kukan, ɓarna ta riga ta fara.

Wane aiki man yake yi?

A cikin bwat akwai ƙarafa masu haƙora da ke cizon juna suna juyawa, da rulma da ke riƙe da sanduna, da wasu zobba, galibi na tagulla, waɗanda makanikai ke kira senkuro. Zobban nan ne ke daidaita gudun ƙarafa biyu kafin su haɗu, shi ya sa giya ke shiga ba tare da ƙara ba. A yawancin irin wannan bwat babu famfon mai. Ƙarafan ƙasa ne ke nutsewa cikin man, suna watsa shi sama idan suna juyawa. To ka ga idan man ya ragu, na sama ne ke fara bushewa.

Man bwat ba ya haɗuwa da wuta da hayaƙi kamar na inji, don haka ya fi shi daɗewa. Amma shi ma yana gajiya. Zafi yana tsinka shi, garin ƙarfe yana taruwa a ciki, sinadaran da ke kare haƙora suna ƙarewa. A ƙasarmu abin ya fi sauri. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Motar kasuwa tana ɗaukar buhunan gero ko albasa da fasinja a kai, ta bar gudron ta shiga rairayi, ta daɗe tana nishi a giya ta ɗaya da ta biyu. Wannan duk wahala ce a kan man.

Ga kuma damina. A saman bwat akwai ɗan ramin shan iska. Idan mota mai zafi ta tsunduma cikin ƙorama ko kwazazzabo mai ruwa, ƙarfen ya yi sanyi farat ɗaya, bwat tana iya zuƙo ruwa ta wannan ramin. Man da ruwa ya shiga yana komawa fari-fari kamar shayi da madara. Irin wannan ba a jiran lissafin kilomita, canza shi ake yi nan take.

Yaushe ake canzawa?

Magana ta farko ita ce ta littafin motar. Galibi kamfanoni suna ba da tazara tsakanin kilomita 40,000 zuwa 100,000, kuma suna rage ta ga motar da ke aiki cikin ƙura, zafi da kaya. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Damagaram ko Tawa da Ƙonni kullum, ta kama lissafi mafi ƙanƙanta.

'Yan uwa da ke ci-rani kuna aiko da mota gida, wannan naku ne. Motar hannu da ta fito daga Turai ta sauka a tashar ruwa, ba wanda ya san ko an taɓa buɗe bwat ɗinta. Idan kuna aiko da kuɗin takardu da na taya, ku haɗa da na man bwat, ku ce a canza kafin ta fara aiki.

Alamomin da ba a sakaci da su: giya tana wuyar shiga da sanyin safiya, tana ƙarar cizon haƙora musamman daga ta ɗaya zuwa ta biyu, ana jin gunji da ke ƙaruwa tare da gudu, ko kuma ɗigon mai mai kauri a inda mota ta kwana. Man bwat yana da wari mai ƙarfi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, da shi ake bambanta shi da baƙin mai. Sai dai a sani, wuyar shigar giya wani lokaci daga ambirayaj take, don haka makanike ya duba duka biyun.

Wane mai za a zuba?

Nan ne ake yawan ɓata mota. A jikin galan akwai lambobi biyu. Ta farko ta kauri ce, kamar 75W-90 ko 80W-90. Ta biyu ita ce GL-4 ko GL-5. Wasu suna ɗauka biyar ta fi huɗu kyau, alhali ba haka ba ne. An yi GL-5 ne musamman don pon, wato akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, kuma sinadaransa masu ƙarfi suna iya cutar da zobban tagulla a bwat ɗin da aka ƙera don GL-4. Akwai bwat da ke karɓar duka biyun, akwai kuma motoci, irin na Honda, da ke da nasu man na musamman mai ruwa-ruwa. Abin da littafi ya ce shi za a bi.

A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba tambari ba hatimi. Kuma kada a yarda da dabarar zuba mai kauri sosai don a kashe ƙara. Ƙarar za ta ragu, amma ɓarnar tana nan, giya kuma za ta ƙara tauri da safe.

Yadda ake aikin

Ko ba kai za ka yi da hannunka ba, ka san matakan don ka tsaya a kan makanike.

Da farko a zagaya da motar minti goma don man ya yi ɗumi ya tsinke. A ajiye ta a wuri mai daidai, domin idan ta karkata awon zai yi ƙarya. Ramin garaji ya fi. Idan ɗaga ta za a yi, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi. Rai ya fi bwat.

Bwat tana da bushon biyu: na zubawa a gefe, na juyewa a ƙasa. A fara kwance na zubawa. Wannan ita ce babbar ƙa'ida. Idan ka fara juye man sannan ka tarar na gefen ya cije, ka zauna da mota babu mai, babu kuma hanyar zuba wani. A goge ƙurar da ke kewaye kafin a buɗe, don kada yashi ya faɗa ciki.

Sai a tara kwano a kwance na ƙasa, a bari ya tsiyaye sarai. Yawancin bushon ƙasa yana da maganaɗisu. Idan ka ga laushin baƙin gari ya manne masa kamar kwalli, wannan ba komai. Idan kuwa gutsattsarin ƙarfe ne da yatsa ke ji, ko man yana ƙyalli ruwan zinariya, to haƙora ko zobba suna cinyewa, kuma sabon mai ba zai mayar da su ba.

A goge bushon, a sa sabon juwan, a ɗaure daidai. Jikin bwat galibi alminiyam ne; idan aka matse da ƙarfin tsiya haƙoran ramin za su cinye, ƙaramin aiki ya koma babba.

Daga nan a tura sabon mai ta ramin gefe da famfon hannu ko tiyo mai tsabta, har sai ya fara dawowa ta bakin ramin. Wannan shi ne awon a yawancin motoci. Ƙaramar mota tana shan kamar lita biyu, manya su kai uku ko fiye. Wasu motocin ba su da ramin awo, ana zuba musu adadin da littafi ya faɗa ne. Kada a ƙara don neman alheri, mai da ya yi yawa yana kumfa, ya yi zafi, ya tsiyayo ta juwan. A rufe, a ɗan zagaya, a leƙa ko akwai ɗigo.

Masu Hilux da Land Cruiser da sauran masu jan ƙafa huɗu, ku tuna kuna da ƙarin akwatuna: na raba ƙarfi gaba da baya, da pon biyu. Kowanne da man sa, a duba su rana ɗaya.

Tsohon man kuma kada a zubar a ƙasa, ko kusa da rijiya da tabkin da dabbobi ke sha. Kada a shafa wa dabba a ƙazuwa ko gyambo kamar yadda wasu ke yi, guba ne. A zuba a jarka mai murfi a bar wa garaji.

A ƙarshe, a rubuta kwanan wata da kilomita a ɗan littafi a ajiye cikin mota. Lita biyu ko uku na mai da aikin da bai kai awa ɗaya ba, ba za a haɗa su da kuɗin sauke bwat da kwanakin da motar za ta yi a garaji iyali suna jiran abin cefane ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.