Tagar Kwamfuta da Idon Ɗan Adam

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta zalla. Saboda haka ɗalibin da ya kammala sakandare a Baure, ko da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, tilas ya zauna gaban na'urar kafin ya shiga jami'a. Abin da zai fara cin karo da shi kuwa shi ne taga, wato ɗan filin nan mai kusurwa huɗu da kowace manhaja ke baje aikinta a ciki. Shin ta yaya na'ura marar ido take sanin tagar da ake gani, kuma don me taga ke dusashewa sannu a hankali idan an rufe ta?

Fasahar tagogi ta bunƙasa ne a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Amurka a shekarun 1970, ta shiga gidajen jama'a da fitowar Macintosh a 1984. Tagogi suna hawa kan juna kamar allunan almajirai da aka jingina a bangon zaure: na gaba ya rufe na baya. Kwamfuta tana ajiye lissafin wurin kowace taga da faɗinta da matsayinta a jeri, sannan ta debe ɓangaren da aka rufe, ta zana saura.

Amma a nan akwai tarko ga mai koyon rubuta manhaja. A tsarin Windows, idan manhaja ta tambaya ko tagarta a bayyane take, za a amsa mata da i, alhali wata taga ta lulluɓe ta ɗungurungum. Amsar tana nufin ba a ba da umarnin ɓoye ta ba, ba wai ido na ganinta ba. Manhajar da ta ruɗu da wannan sai ta yi ta zanen da babu mai kallo, tana shanye batir. A 2013 kamfanin Apple ya shigo da dabarar rage wa manhajar da aka lulluɓe aiki. A ƙauyukanmu na kan iyaka, inda caji kuɗi ne, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Batun rufewa kuwa ya shafi fannina na ilmin halittu. A 1912 masani Max Wertheimer na Jamus ya nuna cewa idan hotuna suka biyo juna da sauri, ƙwaƙwalwa kan ɗauke su motsi guda. Majigi da hoto 24 a daƙiƙa yake aiki, galibin kwamfutoci kuwa da 60. Taga mai dusashewa cikin ɗaya bisa biyar na daƙiƙa hotuna 12 ne kacal, kowanne ya fi na gabansa disashewa. Abin da ya ɓace farat ɗaya yakan bar mutum cikin ruɗu, amma motsi yana jan ido, ya sanar da shi abin da ya faru.

Jerin matakan ma yana da muhimmanci. Da farko manhaja ta tambaya ko za a adana aiki, sannan ta nuna motsin, a ƙarshe ta share tagar daga ma'ajiya. Idan aka gaggauta sharewa, babu abin da za a motsa. Idan aka tsallake tambaya, wahalar yini ta salwanta.

Malamai na iya gwada wannan a aji. A zana murabba'i a gefen shafuka 12 na tsohon littafin rubutu, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta, sannan a kaɗa shafukan da babban yatsa. Ɗalibai za su ga taga tana rufewa, ba tare da lantarki ba.