AC na aiki amma ɗaki bai huce ba: yadda za ka ƙiyasta zafin ɗakinka

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Dutse, Kiyawa da Jahun yakan haura digiri 40, kuma duwatsun da suka kewaye Dutse da rufin kwano suna ci gaba da fitar da zafin da suka sha har cikin dare. A irin wannan lokaci za ka kunna AC, ka ga lambar 18 a jikin rimot, ka ɗauka ɗakin ya kai 18. Wannan lambar umarni ce kawai da ka ba na'urar. Idan iskar da take hurawa ta yi wa ɗakin kaɗan, zafin zai tsaya can sama da abin da ka saita.

Abin ya shafi lafiya kai tsaye idan akwai jariri, tsoho, mai juna biyu, ko mai ciwon suga, ƙoda, zuciya ko sikila a ɗakin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗaki kada ya wuce digiri 32 da rana, da 24 da dare.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi ma'aunin zafin ɗaki, ka ajiye shi daidai tsayin gado, nesa da taga da bakin AC. Ka duba da la'asar, ka sake dubawa kafin barci. Idan kuma kana son sanin dalilin da ɗakin ya ƙi hucewa, ga lissafin da masu harkar ke yi. Duk kubik mita ɗaya na iska a awa yana kwashe kusan wat 0.33 a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin iskar ɗaki da iskar da AC ke fitarwa.

Mu ɗauki misali. A ce AC ɗinka yana hura kubik mita 500 a awa (za ka ga adadin a takardarsa), iskar bakinsa kuma digiri 14 ce. A ce zafin da ke shiga ɗakin ta rufi, bango, taga da jikin mutane ya kai wat 2,500. Mutum ɗaya a zaune ma yana fitar da kusan wat 100. Ka ninka 500 da 0.33, ka samu 165. Ka raba 2,500 da 165, ka samu kusan 15. Ka haɗa da 14: ɗakin zai tsaya wajen digiri 29. To idan ƙurar hunturu ta toshe ragar tace iska har hurawar ta ragu zuwa 350, lissafin zai kai ka wajen digiri 36. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya nuna maka cewa wanke raga duk bayan mako biyu ya fi rage lambar rimot amfani.

Kafin ka yi tunanin sayen babbar na'ura, ka rage zafin da ke shigowa: silin a ƙarƙashin kwano, labule mai kauri a tagar yamma, rufe ƙofa da rana. Saita AC a digiri 27 tare da fanka yana sa jiki ya ji kamar an rage digiri 4. Amma idan zafin ɗakin ya kai 40, fanka ita kaɗai ƙara wa jiki zafi take yi. Sai dai a jiƙa fata ko tufafi da ruwa.

Ka tuna da magunguna. Da yawansu an rubuta a kwalinsu a ajiye ƙasa da digiri 30, haka ma insulin da aka fara amfani da shi. Inda babu firij, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki sosai a busasshen zafin bazara. Ka sa maganin a cikin mazubi mai murfi don kada ya jiƙe.

Idan wani a ɗakin ya fara ruɗewa, maganarsa ta sarƙe, ko ya suma jikinsa zafi rau, ka kwara masa ruwan sanyi, ka yi ta yi masa fifita, kada ka ɗura masa ruwa a baki idan ba ya cikin hayyacinsa, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa. A cikin Dutse, Babban Asibitin Dutse ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni.