Fashewar faifan ƙugu da matsewar jijiyoyin wutsiyar doki

Matsewar jijiyoyin wutsiyar doki, wadda likitoci ke kira da sunan Latin cauda equina, larura ce ta gaggawa da ke faruwa idan wani abu ya danne tarin jijiyoyin da ke can ƙasan ramin ƙashin baya. Abin da ya fi haddasa ta shi ne fashewar ɗaya daga cikin faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Idan ba a ɗauke matsin da wuri ba, mutum na iya rasa ikon riƙe fitsari da bayan gida har ƙarshen rayuwarsa.

Tsarin wurin

Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. A jikin baligi tana tsayawa ne daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, wato L1 ko L2 cikin ƙasusuwan ƙugu guda 5. Daga nan zuwa ƙasa sai dogayen saiwoyin jijiyoyi da ke sauka a jere kamar gashin wutsiyar doki, kowace tana neman ƙofar fitarta. Masanin sassan jiki ɗan Faransa André du Laurens ne ya ba su wannan suna. Su ne ke motsa ƙafafu, su kuma kai saƙon ji daga ƙafafun zuwa ƙwaƙwalwa. Saiwoyin S2 zuwa S4 kuwa su ke kula da mafitsara, da dubura, da al'aura.

Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai faifai na guringuntsi mai tauri daga waje, mai taushi daga ciki. Akan ce faifan ya zame, amma a gaskiya ba ya barin wurinsa: bangonsa ne ke tsagewa, abin da ke ciki ya ɓullo. Wannan ya fi aukuwa a tsakanin L4 da L5, ko tsakanin L5 da S1, inda nauyin jiki ya fi sauka. A shekarar 1934 ne likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa aikin da ya tabbatar cewa faifan da ya fashe na iya danne jijiyoyi, kuma tiyata na magance hakan.

Yadda fashewar ke lalata jijiyoyin

Yawancin masu fashewar faifai ba sa kamuwa da wannan larura. Dalili shi ne akwai wata jijiya mai ƙarfi da ta tokare bayan faifan ta tsakiya, don haka abin da ya ɓullo yakan karkata gefe, ya taɓa saiwa ɗaya kawai. Sakamakon shi ne ciwo mai sauka ta ƙafa ɗaya, wanda sau da yawa yakan lafa cikin makonni ba tare da tiyata ba.

Lamarin yana canzawa idan fashewar babba ce kuma ta nufi tsakiyar ramin. A nan gutsuren faifan yakan cika wurin, ya matse saiwoyi da dama a lokaci guda, har da na mafitsara da dubura. Ga wanda raminsa ya riga ya ƙuntata, saboda tsufa ko halitta, ƙaramar fashewa ma ta isa.

Saiwoyin nan ba su da kaurin rigar da ke kare jijiyoyin hannu da ƙafa. Matsin yakan fara toshe ƙananan hanyoyin da jini ke komawa ta cikinsu, saiwar ta kumbura, kumburin ya ƙara matsin, daga bisani jinin da ke ciyar da ita ya ragu. Jijiyar da aka matse na ɗan lokaci tana iya farfaɗowa. Wadda ta daɗe babu jini zarenta ne ke mutuwa, kuma jijiyoyin mafitsara na cikin masu jinkirin dawowa, in ma sun dawo.

Alamomi

Ciwon baya shi kaɗai ba ya nuna larurar. Abin lura shi ne ciwo ko rauni a ƙafafu biyu, da sagewar wuraren da ke taɓa sirdi idan an hau doki: ɗuwawu, da cikin cinyoyi, da kewayen dubura da al'aura. Wani majinyacin yakan fara ganewa ne lokacin tsarki, ya ga ba ya jin taɓin ruwa. Akwai kuma wahalar fara fitsari, da rashin jin fitarsa, da raunin mazakuta.

Likitoci sun raba larurar gida biyu. A matakin farko mutum na iya yin fitsari, ko da da ƙyar. A mataki na biyu mafitsara takan cika ba tare da ya ji ba, har fitsarin ya riƙa zuba da kansa. Mutane da yawa sai a wannan matakin suke zuwa asibiti, wasu don kunyar faɗin abin da ke damun su, alhali damar warkewa sosai ta fi yawa a matakin farko.

Bincike da magani

Hoton MRI ne ke tabbatar da larurar, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai ko jijiya. Shi ne kuma ke bambanta ta da sauran abubuwan da ke iya matse wurin, kamar ƙari, ko tarin fuka na ƙashin baya, ko karaya, ko taruwar jini. Ana kuma auna fitsarin da ya rage a mafitsara bayan majinyaci ya gama yi.

Maganin shi ne tiyatar gaggawa, inda ake cire wani ɓangare na ƙashin da ya rufe ramin ta baya, a fitar da gutsuren faifan. Wani nazari da Ahn da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aiki cikin awa 48 sun fi samun dawowar aikin mafitsara da dubura. Wannan adadi ba izinin jira ba ne. Likitocin tiyata na yin aikin da zarar hali ya yi. Bayan aiki farfaɗowar jijiyoyin kan ɗauki watanni ko fiye da shekara, wasu majinyatan kuma sukan ci gaba da amfani da robar fitsari.