Allurar Barci a Wajen Ɗakin Tiyata

Ba a ɗakin tiyata kaɗai ake sa majinyaci barci ba. A garuruwa irin su Sanyinna ta ƙasar Tambawal, ɗinkin rauni da gyaran karaya sukan bukaci a gusar da zafi, alhali kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana can Sakkwato.

Maganin da aka fi dogara da shi a karkara shi ne ketamin, wanda aka harhaɗa a Amurka cikin 1962. Falalarsa ita ce ba safai yake danne numfashi ko ya sa jini ya sauka ba. Amma fa yakan yawaita yawu, ya kawo firgita wajen farfaɗowa.

Saboda haka akwai sharuɗɗa. In ba gaggawa ba, majinyaci ya ƙaurace wa abinci awa 6, ruwa kuma awa 2, domin kada amai ya faɗa huhu. A tanadi oksijin da na'urar zuƙe yawu, a maƙala masa ma'aunin iskar jini a yatsa. Mai allura daban, mai ɗinki daban. Na farkon ba ya gusawa sai majinyaci ya farka sarai, domin minti kaɗan ba numfashi ya isa ya lalata ƙwaƙwalwa.