Rashin Iyaka: Yadda Masana Lissafi Suka Auna Abin da Ba Ya Ƙarewa

Yashin da ke Hamadar Sahara yana da yawan da ba mai iya ƙirga shi, amma duk da haka yana da adadi, kuma adadin yana da ƙarshe. Lambobin ƙidaya kuwa ba haka suke ba. Duk lambar da mutum ya ambata, kome girmanta, ana iya ƙara mata ɗaya. Wannan shi ne rashin iyaka a ilimin lissafi, kuma bai kamata a rikita shi da yawa ba.

Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid, masanin da ya rayu a Iskandariyya ta Masar, ya kafa hujja a kan wasu lambobi na musamman, waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 11. Ya nuna ba za su taɓa ƙarewa ba. Ka tara duk waɗanda ka sani, ka ninka su da juna, sannan ka ƙara ɗaya. Misali, 2 sau 3 sau 5 ya ba da 30, a ƙara ɗaya ya zama 31. Duk wadda ka raba sabuwar lambar da ita daga cikin jerinka, sai ɗaya ya yi saura. Ke nan akwai wata irinsu da ba ta cikin jerin. Mafi girmar da aka gano a watan Oktoba na 2024 tana da alƙaluma fiye da miliyan 41, kuma hujjar Yuklid ta tabbatar da cewa akwai wadda ta fi ta.

A shekarar 1655 John Wallis na Ingila ya sa wa rashin iyaka alamar nan mai kama da 8 a kwance. Sai dai samun alama bai kawar da ruɗani ba, kuma malamai da dama sun ci gaba da kaffa-kaffa da batun har zuwa zamanin Georg Cantor, wanda ya koyar a Jami'ar Halle ta Jamus.

Dabarar Cantor mai sauƙin fahimta ce. A wurin walima, idan kowane baƙo ya sami kujera kuma babu kujerar da ta rage, ka san yawan baƙi da na kujeru ɗaya ne ko ba ka ƙirga ba. Ya bi wannan hanya da lambobi. A haɗa 1 da 2, 2 da 4, 3 da 6, haka har abada. Kowace lambar ƙidaya ta sami abokiya a cikin lambobin cika, wato 2, 4, 6 da sauransu, babu wadda aka bari. Ashe lambobin cika, waɗanda ake ɗauka rabi ne, yawansu ɗaya da na dukkan lambobin ƙidaya.

Abin da ya fi girgiza masana shi ne wanda Cantor ya wallafa a 1874, ya kuma sake tabbatarwa ta wata hanya a 1891: wani rashin iyakar ya fi wani girma. Ɗauki lambobin da ke tsakanin 0 da 1, masu alƙaluma bayan ɗigo. A ce wani ya yi iƙirarin ya jera su duka. Sai ka ƙirƙiri sabuwa, alƙalaminta na farko ya saɓa da na farkon lamba ta farko, na biyu ya saɓa da na biyun lamba ta biyu, haka har abada. Wannan sabuwar ta bambanta da kowace lamba a jerin, aƙalla a gurbi guda. Don haka babu jerin da zai iya ƙunsar su, ke nan yawansu ya fi na lambobin ƙidaya.

Cantor ya sha suka, musamman daga Leopold Kronecker, babban malamin lissafi a Balin. Cantor ya rasu a 1918, amma a yau aikinsa yana cikin tubalan da aka gina lissafin zamani a kansu. Ya kuma bar tambaya: shin akwai wani rashin iyaka a tsakanin na lambobin ƙidaya da na lambobin da ke tsakanin 0 da 1? Aikin Kurt Gödel na 1940 da na Paul Cohen na 1963 sun nuna cewa ƙa'idojin da aka saba aiki da su ba za su iya cewa i ko a'a ba.

Ina ganin wannan darasi ya cancanci shiga azuzuwan sakandarenmu. Kwamfuta mafi sauri ba za ta gama ƙirga abin da ba ya ƙarewa ba, amma ɗalibi mai alli da allo zai iya bin hujjar Yuklid cikin mintuna kaɗan, ya gamsu da hankalinsa. Yaron da ya ɗanɗani wannan zai daina kallon lissafi a matsayin hadda, zai kuma saba da neman dalili kafin ya amince da magana.