3.2 Sarki Jugurta da Gwagwarmayarsa da Daular Rumawa

A wannan sashe za a yi bayani a kan Jugurta, Sarkin Numidiya, ƙasar Barbar wadda yawancinta ke cikin Aljeriya ta yau. Dukkan shekarun da za a ambata na kafin Miladiyya ne.

Jugurta jika ne ga Sarki Masinisa, babban aminin Rumawa. Tun yana saurayi ya taya Rumawa yaƙi a garin Numantiya na ƙasar Sipaniya a shekarar 134 zuwa 133. A can ne ya naƙalci dabarun yaƙinsu, ya kuma gane cewa da yawa daga cikin manyansu kuɗi na iya sayensu.

Bayan rasuwar baffansa, Sarki Misipsa, a shekarar 118, mulki ya koma hannun Jugurta da 'ya'yan marigayin guda biyu, wato Hiyemsal da Adarbal. Jugurta ya sa aka kashe Hiyemsal, sa'annan a shekarar 112 ya ci birnin Sirta, wanda ake kira Kustantina a yau, ya kashe Adarbal tare da fataken Italiya da suka goya masa baya. Wannan shi ne musabbabin yaƙinsa da Rum.

Makamai biyu Jugurta ya riƙe. Na farko shi ne toshiya ga shugabannin Rumawa, kamar yadda marubucinsu Salusti ya bayyana. Na biyu kuwa shi ne yaƙin sari-ka-noƙe da mahaya dawaki, domin ya san ƙasar ciki da bai. Ta haka ne a shekarar 110 ya tilasta wa rundunar Rum ta miƙa wuya cikin ƙasƙanci. Daga baya Rum ta turo Metelus a shekarar 109, kana Mariyus a shekarar 107. Sun ci garuruwansa da dama, amma sun kasa kama shi.

Abin lura a nan shi ne, ba a fagen fama Jugurta ya faɗi ba. Surukinsa ne, Sarki Bokus na Mauritaniya ta dā, ya ci amanarsa ya miƙa shi ga Sulla a shekarar 105, aka saka masa da yankin yammacin Numidiya. Jugurta ya mutu a kurkuku a birnin Rum a shekarar 104.

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa rashin haɗin kan sarakunan yankin ya taimaki Rum fiye da ƙarfin takobinta. Dā ma Hausawa kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.